Yadda nake sayen waya da na'urar gem ta hannu ba tare da na sayi rigima ba

Shekara shida ke nan ina riƙe da reshen shagon maigidana a kasuwar waya ta Farm Centre, Kano. Suna nasa ne, rasit da tambarinsa, jari nawa, ƙarshen wata in kai masa kasonsa. Haka kamfanin CeX, mai saye da sayar da wayoyi da gem na hannu, da ya faro a Landan a 1992 yake ba mutane sunansa su buɗe reshe. Abin da na koya dai, riba a wajen saye take. In ka sayi matsala, ba bakin da zai sayar maka da ita.

Waya ta zo, kafin a yi maganar kuɗi nake danna *#06#. Lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai lambobi 15 za ta fito, in gwada ta da ta jikin kwali. In iPhone ce, mai ita zai fita daga iCloud, wato akawun ɗinsa na Apple, a gabana, da yatsansa. Ya ce ya manta lambar sirri, ko ta yayansa ce da ke Abuja? Allah ya ba da sa'a, ga ƙofa. Android kuma a cire akawun ɗin Google kafin a goge ta, in ba haka ba tana tashi za ta nemi tsohon mai ita. Sai lafiyar batir: ƙasa da kashi 80 cikin ɗari, na cire kuɗin sabo daga farashi. In sa layina, in kira yaron shago, in ji sifika da makirfo.

Sannan katin shaida, hoton mai kaya riƙe da wayar, da sa hannu a littafi. Wannan littafin da wahala na koye shi. Wani matashi ya shigo dab da magariba, gumi sharkaf, wai mahaifiyarsa na asibiti. Waya tsaf, farashi kamar kyauta. Ban ko tambayi sunansa ba. Mako uku 'yan sanda suka biyo sawun IMEI har kantata. Waya ta tafi, kuɗi sun tafi, maigida ya yi wata guda yana amsa gaisuwata da ka.

Na'urar gem ba ta son gaggawa. PS4 ko PS5 ta kamfanin Sony, a jona ta, a sa wasa mai nauyi, a bar ta minti 20. In fanka ta fara kuka kamar injin markaɗe, ƙura ta cika ta ko an taɓa buɗe ta. Ina girgiza wayar HDMI, mai haɗa ta da talabijin, a raminta in ga ko hoto zai ɗauke. Ina ajiye fad, wato abin da ake riƙewa a buga wasan, a tebur in zuba wa allo ido. Ɗan wasa ya kama tafiya shi kaɗai, sandar fad ɗin ta lalace. A kuma hau intanet da ita, don akwai waɗanda Sony ta toshe.

Faifan gem ɗin ƙwallo kada ka tara. Tun ana ce masa FIFA har ya koma EA Sports FC a 2023, sabo na fitowa wajen ƙarshen Satumba, na bara ya zama kwantai.

Wanda ya zo musanya ina ƙara masa a kan wanda ke son kuɗi hannu, domin kuɗina bai fita daga shago ba, kuma na rage kaya a kanta. Garantin mako guda nake bayarwa, a rubuce a bayan rasit, ban da faɗuwa da shiga ruwa.