Yadda Nake Rubuta Labarin Malamar da Ta Yi Fice a Jami'a

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a sashen yaɗa labarai na wata jami'a a Arewa, kuma ni ce mai haɗa mujallar da muke fitarwa duk ranar Juma'a. Kowace shekara ana turo mana ɗaliban aikin jarida su zauna da mu watanni don sanin makamar aiki. Akwai bayanin da nake maimaita musu har na haddace shi, shi ne na ga ya dace in rubuta, ko zai amfani masu irin aikinmu a wasu makarantu da ɗaliban da ke riƙe da shafukan sassansu a Facebook.

A shekarata ta biyu da fara aiki, wata malama a sashen nazarin ƙananan halittu ta samu tallafin bincike daga ƙasar waje. Na cika shafi guda da labarin. Na kawo jawabin shugaban jami'a, na jera manyan baƙi, na rubuta cewa ta gode wa Allah, ta gode wa maigidanta, na rufe da addu'a. Ranar Litinin ta aiko a kira ni. Ta sa aka kawo min ruwa, ta ɗauko mujallar ta ce, "Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Amma in ɗalibata ta karanta wannan, me za ta ce na yi?" Na karɓa na sake karantawa a gabanta. Babu jimla ko ɗaya da ta faɗi abin da take bincike a kai, alhali shekara huɗu ta yi tana bin unguwanni da kwalabe tana ɗibar ruwan rijiyoyi. Na ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni zuwa Juma'a." Tun daga ranar, duk labarin da zan rubuta a kan mace mai bincike ko mai shugabanci, aikinta ne ke shiga sakin layi na farko. Taya murna da sunayen baƙi su biyo baya in akwai fili.

Kafin rubutu sai an samo labarin, kuma wanda ya zauna a ofis yana jiran takardar sanarwa zai daɗe bai ga sunan mace ba. Abin da na lura da shi a wurinmu, malamai maza kan kawo labarinsu da ƙafarsu, har da hoto. Mata da yawa kuwa suna ganin hakan yabon kai ne, sai su yi shiru. Don haka ni nake fita nema. Sakatarorin sassa sun fi kowa sanin wadda takardarta ta fito a babbar mujallar ilimi. Masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje sun san wadda ke kwana a kan aiki. Ina duba jerin ƙarin girma duk lokacin da majalisar gudanarwa ta amince da shi, da sunayen waɗanda suka samu tallafin TETFund (asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu), da allon makarantar karatun gaba da digiri inda ake liƙa ranakun kare kundin digirin digirgir. Kada ku tsaya kan farfesoshi kaɗai. Magatakarda, da shugabar ɗakin karatu, da ma'aikaciyar da ta shekara ashirin tana haɗa wa ɗalibai sinadarai kafin darasi, da yarinyar da ta fi kowa maki a injiniyanci, duk labari ne.

In kun samu, ku je wurinta. Gani ya kori ji. Hira ta waya ba za ta nuna muku injin sanyaya samfuri da ta ɗaure ƙofarsa da roba ba, ko gonar gwaji da ta raba gida-gida da igiya. Ku nemi lokaci tun da wuri, ku guji makon jarrabawa, kuma ku karanta ko da taƙaitaccen bayanin da ke saman takardar bincikenta ne kafin ku shiga. Ba lallai ku gane komai ba, amma za ta ga kun girmama aikin, bakinta zai buɗe.

Tambayata ta farko ba ta sauyawa: "Malama, da maƙwabciyarki za ta leƙo ta katanga ta ce me kike yi a makarantar nan tun safe, me za ki ce mata?" Amsar da ta bayar, sau da yawa ita ce jimlar farko ta labarin. Daga nan sai in tambayi abin da ya sa ta fara, sannan inda aka samu tangarɗa. A nan ake jin gaskiyar aikin: wutar da aka ɗauke kwana uku samfura suka lalace, sinadarin da aka yi oda ya yi wata shida bai iso ba, yajin aikin 2022 da ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas. In ta yi shiru tana tunani, ku ma ku yi shiru, kada ku cike mata gurbin. Tambaya ta ƙarshe ita ce su waye suka yi aikin tare da ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai bincike ta gaskiya tana jin nauyi in aka ɗora mata aikin mutum goma ita kaɗai.

Wurin da aka fi shan wahala shi ne mayar da kimiyya maganar da kowa zai gane ba tare da an ɓata ta ba. Misalin da nake ba ɗalibaina shi ne na Farfesa Hadiza Galadanci, likitar mata ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A 2024 mujallar TIME ta sa ta cikin mutum 100 mafiya tasiri a fannin lafiya a duniya. Mai gaggawa zai rubuta wannan, ya ƙara "yabon gwani ya zama dole", ya tashi. Mai karatu ya ji an yabe ta, amma bai san dalili ba.

Ga dalilin. Zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata masu jego. Likitoci na ɗaukar abin ya zama haɗari in jinin ya kai mililita 500, wato kwatankwacin ledar fiya wata guda. Matsalar ita ce da ido ake ƙiyastawa, jinin kuwa ya jiƙa zani da katifa, kafin a ankara lokaci ya ƙure. Binciken da ake kira E-MOTIVE, wanda Farfesa Galadanci ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya gwada shimfiɗa wata leda mai aljihu da ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, jinin na taruwa ana ganin yawansa. Da ya kai layin, sai a haɗa matakan ceto lokaci guda maimakon a gwada ɗaya a jira: murza mahaifa, allurar da ke sa ta tsuke, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. An gwada a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna zubar jini mai tsanani da munanan abubuwan da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Ku duba abin da na yi. Adadin yana nan yadda yake, ban ƙara ban rage ba, na dai ajiye ledar fiya wata kusa da shi don uwa a Fagge ko Gwammaja ta ga yawan jinin a idonta. Na ce "ɓangarensa na Najeriya" saboda bincike ne na ƙasashe huɗu tare da Jami'ar Birmingham da Hukumar Lafiya ta Duniya. Da na ce ita kaɗai ta yi, na yi ƙarya, kuma ƙaryar da aka yi don yabo ita ce ta fi saurin zubar da mutuncin wadda aka yaba a gaban abokan aikinta.

Sai muƙamai. Akwai kuskuren da ke ci min rai duk lokacin da na ji shi a rediyo: a ce wa wadda ke riƙe da muƙamin Vice-Chancellor (VC) "mataimakiyar shugaban jami'a". An bi Turancin kalma bayan kalma, an sauke ta daga kujerarta. A tsarin jami'o'in Najeriya ita ce shugabar jami'a, ita ke gudanar da komai. Wanda ake wa kallon yana samanta uban jami'a ne, galibi basarake, wanda akan gani ranar bikin yaye ɗalibai. Haka nan ku tabbatar ko farfesa ce cikakkiya ko tana matakin da ke ƙasa da shi, ku tambaye ta yadda take rubuta sunanta, harafi bayan harafi.

Kalmar "ta farko" kuwa ku ji tsoronta. Ba na rubuta ta sai na ga shaida a rubuce, kuma sai na faɗi ta farko a ina. Mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya ita ce Farfesa Grace Alele-Williams, masaniyar lissafi, a Jami'ar Benin a 1985. Farfesa Folasade Ogunsola ta farko ce a Jami'ar Legas, a 2022, ba a ƙasa ba. A nan Arewa, Farfesa Fatima Batul Mukhtar, masaniyar tsirrai, ta karɓi Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2016, amma shekaru da dama kafin ita Farfesa Gambo Laraba Abdullahi, 'yar Jihar Bauchi mai ilimin sinadarai, ta riƙe Jami'ar Abuja. Duk wanda ya raba "ta farko" da ka, ya share wata da ta riga ta share hanya. In a sashe ne, ku je ofishin magatakarda a buɗe muku tsofaffin takardu. In ba a samu ba, ku bar kalmar, labarin ba zai rage komai ba.

Maganar aure da 'ya'ya tana buƙatar natsuwa. Wasu abokan aikina na cewa a cire ta gaba ɗaya, tunda ba wanda ke tambayar farfesa namiji wa ke masa raino. Suna da hujja, amma ban bi su har ƙarshe ba. A wurinmu, tambayar da ke zuciyar yarinya 'yar aji shida da ta mahaifinta ita ce ko karatu mai tsawo zai haɗu da aure. Labarin Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta sashen fiziks a Bayero ya amsa wannan fiye da kowace lacca: ta yi aure, ta haihu, sai tana da shekara 29 ta shiga jami'a, kuma a 2015 ta samu lambar yabon Gidauniyar Elsevier ta mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa a kan binciken sararin samaniya, BBC kuma ta sa ta cikin mata 100 na shekarar. Ita da kanta ta ba da wannan labarin ga duniya, shi ya sa nake kawo shi. Abin da nake yi shi ne, bayan mun gama maganar aiki sai in ce, "Malama, akwai abin da kike so 'yan mata su sani game da gida da karatu, ko mu bar shi?" In ta ce a bari, an bari. In ta yi magana, yana zuwa can ƙasa, ba ya hawa kanun labari.

Hoto ma da izini. Wasu ba sa son fuskarsu a intanet, kuma haƙƙinsu ne. Sai in ɗauki hannunta a kan madubin ganin ƙwayoyin cuta, ko ɗalibanta zagaye da teburin aiki in sun yarda. Wadda ta amince, ku ɗauke ta a inda take aiki da rigar aikinta. Hoton karɓar allon yabo daga hannun babban baƙo mun gaji da shi, kuma rabinsa na baƙon ne.

Kafin a buga, ina mayar mata da sassan da suka shafi kimiyya da adadi ta duba. Ba tsarin rubutun nake ba ta ta gyara ba, wannan nawa ne. Sau da dama a nan ake kama inda na rubuta "ta gano magani" alhali gwaji ne na farko a kan ɓeraye, kuma irin wannan kuskuren kan sa marasa lafiya su yi ta sintiri ofishin mutum.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 11 ga Fabrairu tun a 2015 a matsayin ranar mata da 'yan mata a fannin kimiyya, ga kuma 8 ga Maris ranar mata ta duniya. Ku yi amfani da su, amma kada ku tara duk labaran mata a makonni huɗun nan sannan a yi ɗif har baɗi. Ni ina da littafi da nake rubuta sunaye, ina tabbatar da kowane wata mace ɗaya aƙalla ta fito a shafin bincike na yau da kullum, kusa da maza, ba a wani shafi na daban mai ado da furanni ba.

In labari ya fito, ina yin gajeren sa na Hausa da bai wuce layi goma ba don WhatsApp, in ba gidan rediyon jami'a su karanta. Sannan ina buga kwafi a takarda in aika wa shugabannin makarantun sakandaren 'yan mata da ke kusa da mu su liƙa a allo. A ƙasan kowane ina ƙara ɗan akwati mai suna "Hanyar zuwa nan". In likita ce, sai in rubuta: kiredit biyar a WAEC ko NECO da suka haɗa da Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, sannan a JAMB a zaɓi Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji. In malamar ta amince, ina sa ranar da take karɓar baƙi a ofis, da sunan ginin da lambar ɗakin.