Shawara ga marubutan littattafan yara masu ziyartar makarantu

Idan wata makaranta ta gayyace ku karanta wa ɗalibai labari, ina ganin bai kamata ku sayar da littattafanku da kanku ba. Ku nemi mai ƙaramin shagon littattafai na unguwar, ku ba shi kwafi talatin mako biyu kafin ranar, domin shugaban makaranta ya sanar da iyaye farashi. Ranar ziyara shi zai kafa teburinsa a bakin aji, ku kuma kuna rubuta sunan kowane yaro a shafin farko. Sauran kwafin ku sa musu hannu ku bar su a shagon, saboda yaron da bai zo da kuɗi ba ya san inda zai ja mahaifinsa ranar Asabar.