Yadda ake bin salsalar kalmar Turanci: gwaji da "parlous"

Mai karanta sharhin jaridun Turanci na Najeriya ba zai rasa cin karo da "parlous state" ba, galibi in ana kukan tattalin arziki ko lalacewar tituna. Ga yadda za ka bi kalmar har tushe, kuma hanyar za ta yi maka aiki a kan wasu kalmomin.

Kafin ka taɓa ƙamus, dubi jimlar da ka tsince ta a ciki. Kusan kullum "state" ko "condition" ke biye da ita. Ka ga ke nan tana siffanta halin haɗari da abu ya daɗe a ciki, kamar katangar da ta tsage tana jiran damina.

Sai ka buɗe ƙamus mai kawo tarihin kalma, irin Oxford ko Merriam-Webster, ko shafin Etymonline. Kada ka tsaya kan ma'ana, gangara sashen asali. Nan za ka ga a ƙarni na 14 ta ɓullo, kuma "perilous" (mai haɗari) ce baki ya gutsure, ta koma "perlous".

Mataki na uku ya fi daɗi: tambayi kanka daga ina "a" ɗin ta fito. A wancan zamani mutanen Ingila sun riƙa mayar da "er" zuwa "ar". "Sterre" ta zama "star", "person" ta haifi "parson", kuma har gobe suna rubuta "clerk" da Derby amma su furta su da "a". Guguwar da ta kwashi waɗannan ita ta kwashi tamu.

Daga nan ƙara ja baya. "Perilous" daga tsohon Faransanci ta shigo, cikin ɗimbin kalmomin da suka kwararo bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Faransancin kuma ya gaje ta daga "periculum" ta Latin, mai nufin gwaji da kuma haɗari, dangin "experiment".

A ƙarshe, bincika ko ma'anar ta sauya. Shakespeare ya kira yaro mai wayon tsiya da ita a wasansa na Richard III, amma wannan ma'ana ta kwanta dama. Yau kalmar rubutu ce, ba ta hira ba, kuma a ganina marubutanmu sun cika yawan jan ta. In maciji ne a ɗaki ko gobara a kasuwa, "dangerous" za ka ce. Ajiye "parlous" ga asusun da ya kusa ƙarewa ko gadar da aka yi shekaru ba a gyara ba.