Masu kai yara kwarin kogin Rhine: ku hau da keken igiya, ku dawo ta ruwa

'Yan uwa mazauna Jamus da masu zuwa hutu, ga wata dabara.

In za ku kai yara yawo gonakin inabi da ke kan tudun garin Rüdesheim a bakin Rhine, kada ku hau tudun da ƙafa. Ku sayi tikitin da ake kira Ringticket. Shi ya haɗa keken igiya (akwatin hawa da ke tafiya a sama rataye da igiyar ƙarfe), kujerar igiya (kujera mai tafiya haka) da jirgin ruwa, ya fi sayen su ɗai-ɗai araha.

Keken yana ratsa saman kurangar inabi har gunkin Niederwald, wanda aka kammala a 1883. Daga can sai tafiyar ƙafa cikin daji mai inuwa, hanyar kusan a shimfiɗe. Gab da ƙarshenta akwai shingen barewa, yara kan manta da gajiya a nan. Sai ku sauka ƙauyen Assmannshausen da ke bakin kogin a kujerar igiya, jirgin ruwa ya maido ku.

Hawan tudu ne ke sa yaro kuka da neman goyo. In inji ya ɗauke wannan, sauran duk wasa ne.

Amma kujerar saukowa a buɗe take, ƙafa na reto. Mai jariri ko mai jin jiri ya koma ta inda ya hau. Da sanyin hunturu kuma zagayen kan tsaya, ku duba lokutan jirgi tun daga gida.

Yankin giya ne, ku kula. Traubensaft ruwan 'ya'yan inabi ne zalla, ba ya bugarwa. Federweißer da ake sayarwa da kaka kamar lemo yake a ido, amma yana bugarwa. Ku tambaya kafin ku miƙa wa yaro.