Yadda za a ceto tsofaffin hotunan da mahaifi ya bari

A gidajen Hausawa da yawa a Makka da Jidda akwai akwatin ƙarfe ko tsohuwar jaka cike da hotuna da fim ɗin da ba a sake wankewa ba tun rasuwar mai su. Idan irin wannan ya faɗo hannunka, kada ka fara da sikan, wato kwafar hotunan zuwa kwamfuta. Fara da neman sunaye.

A 1936, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, mai ɗaukar hoto Dorothea Lange ta ɗauki hoton wata uwa da 'ya'yanta a sansanin masu tsinkar wake a Nipomo, jihar Kalifoniya. Hoton ya zaga duniya, amma ba a rubuta sunan matar ba, sai a 1978 aka gano Florence Owens Thompson ce. Hukumar gwamnati ce ke bayan wancan aikin, duk da haka sunan ya ɓata shekara 42. To ina ga akwatin gida? Zaɓi hotuna 20 zuwa 30 a zama ɗaya, ka je gaban Hajiya ko Baffa, ka kunna rikodin waya, ka tambaya: wane ne wannan, a ina, aikin hajjin wace shekara? Tsoho yana gajiya, kada ka kai masa akwatin gaba ɗaya. Rubuta amsar a bayan hoton, can gefe, da fensir mai taushi lamba 2B. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana ratsawa. In ka ga shekarar Hijira a hatimin mai hoto, ka ƙara ta Miladiyya: 1390 ta yi daidai da 1970.

Sai fim. Buɗe ambulan ka sansana. In ka ji warin khal, wato binega, fim ɗin ya fara ruɓewa, kuma tururin da yake fitarwa yana cin na kusa da shi. Ware shi, shi za a fara yi wa sikan. Wanda aka yi kafin 1951 yana iya zama na naitiret, mai saurin kama wuta, don haka a nisanta shi da kicin. Riƙe fim ta gefe kawai, da hannu wankakke busasshe.

Hoton da ya manne da ɗan'uwansa ko da gilashin firam, kada ka ɓamɓare shi da ƙarfi, fuskar za ta tafi. Ɗauke shi da kyamara yadda yake. Kada a yi masa laminatin, domin zafi da gam ba su warwaruwa.

Wajen sikan, ɗigo 600 a inci ya isa hoton takarda, fim mai milimita 35 kuwa yana buƙatar 2400 ko fiye. Adana a tsarin fayil ɗin hoto na TIFF, ka ɗauki baya ma in akwai rubutu. Yi kwafi uku: a kwamfuta, a faifan ajiya na daban, ɗaya kuma wurin ɗan'uwa a wani gari.

Zafin Makka yana wuce digiri 45 da rani, damshin Jidda kuma yana haifar da fumfuna. Ɗakin saman bene kabarin hoto ne. A ajiye akwatin a ɗakin ciki mai mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), a ɗage shi daga ƙasa, nesa da bangon banɗaki, kowane hoto cikin takarda marar asid, a cire duk roba da ƙusar takarda kafin a rufe.