Darasi na Bakwai: Yadda Ake Ƙirga Ciyawa a Makiyaya

A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wani irin fili mai faɗi, ciyawa iya ganinka, itace sai jefi-jefi. Ana kiransa fireri. A da, ɓangarensa mai doguwar ciyawa ya kai eka miliyan 170, tun daga Kanada har jihar Texas. Manoma suka sa masa garma, suka mayar da shi gonakin masara da alkama. Abin da ya rage yau bai kai kashi 4 cikin 100 ba, kuma mafi yawansa yana tuddan Filint na jihar Kansas. Ƙasar wurin duwatsu ce, garma ba ta shiga, shi ya sa aka bar wa shanu.

Babbar ciyawar wannan fili 'yar'uwar gamba ce, asalinsu ɗaya. Idan ruwa ya yi kyau takan wuce tsayin mutum.

Ɗan abin da ya rage ɗin ake tsaro. Kowace shekara jami'o'i da hukumomi da ƙungiyoyin kare daji suna ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, yawancinsu ɗalibai ko waɗanda ba su daɗe da gama karatu ba. Sukan fara wajen watan Mayu, su tashi wajen Satumba ko Oktoba, kafin sanyi ya kwantar da ciyawa. Kamar ci-rani ne, sai dai nasu lokacin tsiro ake yi. Aikinsu shi ne su durƙusa su duba abin da ya fito a ƙasa, su rubuta.

Me ake nema?

Ana neman baƙin tsirrai masu mamaya. Ba kowane baƙon tsiro ne matsala ba. Matsala ita ce wanda ya zo daga wata ƙasa, ya baro ƙwari da cututtukan da ke rage shi a gida, ya yaɗu har ya kori na gargajiya.

A Kansas wanda ya fi damun masu shanu sunansa lasfadiza. Dangin wake ne, daga gabashin Asiya. Da gangan aka kawo shi Amurka, aka riƙa shuka shi don kiwo da hana zaizayar ƙasa. Da ya shiga fireri sai labari ya canza. Idan ya ƙosa, ganyensa yana cika da irin sinadarin nan mai bauri da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jima da shi. Saniya ta ɗanɗana sau ɗaya, sai ta kauce masa ta cinye ciyawar da ke gefensa. Kun ga ke nan kiwon da kansa yana share masa wuri. Ga shi da yawan iri, kuma irin yakan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba. A shekarar 2000 jihar Kansas ta sa shi cikin jerin miyagun tsirran da doka ta ce mai fili ya yaƙa.

Can arewa, wajen jihohin Dakota, wani ne daban, dangin aguwa da tinya. Idan aka karya shi farin ruwa ke fita, mai ƙona bakin shanu. Tumaki da awaki kuwa suna cinsa, don haka ake kai su su rage shi.

Kada ku ɗauka Amurka kaɗai ke karɓar irin wannan baƙo. Gambar nan da muke yin zana da ita, an kai ta Ostareliya a shekarun 1930 don abincin shanu. Yau a arewacin ƙasar ta zama annoba, domin wutarta tana da zafin da ke kashe itatuwa.

Kayan aiki

Ba su da yawa: igiyar awo, turakun ƙarfe, firam mai kusurwa huɗu, littafi da fensir. Fensir, ba biro ba, don raɓa da zufa suna ɓata tawada. Akwai kuma na'urar da ke nuna wuri ta tauraron ɗan'adam. Ma'aikaci yakan cusa ƙafar wandonsa cikin safa saboda kaska.

Yadda ake awo

Nan ne zuciyar darasin, don haka mu bi a hankali.

Da farko a kafa turke biyu, a ja igiya daga wannan zuwa wancan. Turakun nan ba a cire su. Baɗi nan za a dawo, baɗin baɗaɗa ma nan. Sai a bi igiyar, duk bayan tazara iri ɗaya a ajiye firam a ƙasa. Inda awo ya nuna, nan ake ajiyewa, ko da wurin fako ne, ko ƙaya. Ba a yarda ma'aikaci ya zaɓi wuri da idonsa ba, domin ido yana son inda fure yake. Wanda ya matsar da firam taku ɗaya don ya sami ciyawa mai kyau ya ɓata lissafin shekara guda, kuma ba mai ganewa.

Da an ajiye, sai a durƙusa a buɗa ciyawar da hannu. Manya suna rufe ƙanana, kuma sabon tsiron lasfadiza sau da yawa a ƙarƙashi yake, bai fi ɗan yatsa ba. Duk tsiron da ke cikin firam a rubuta sunansa. Wanda ba a sani ba, ba a yi masa cinke. A ba shi lamba, a ɗauki hotonsa, a tsinko wani kamarsa daga wajen firam a matse cikin takarda, a kai wa wanda ya sani.

Ba a ƙirga ciyawa ƙwaya-ƙwaya, wa zai iya? Ana kimanta yawan wurin da kowace iri ta rufe. Wani masani mai suna Daubenmire ya fitar da tsari a 1959 wanda har yau ake aiki da shi. Firam ɗinsa santimita 20 ne a faɗi, 50 a tsawo, kuma ya raba rufi aji shida. Aji na 1 shi ne abin da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Na 2 daga 5 zuwa 25, na 3 daga 25 zuwa 50, na 4 daga 50 zuwa 75, na 5 daga 75 zuwa 95, na 6 kuma daga 95 zuwa 100. Hikimar ita ce, mutum biyu za su iya musu a kan ko kashi 30 ne ko 40, amma duk za su rubuta 3.

Kafin a bar fili, a kakkaɓe takalmi da wando. Mai neman baƙon tsiro yana iya zama shi ne mai kai irinsa gaba.

Ga misalin lissafi. A ce an ajiye firam sau 20 a igiya ɗaya. Bara an ga lasfadiza a firam 2. Bana an gan shi a 7. Biyu cikin 20 kashi 10 ne cikin 100. Bakwai cikin 20 kashi 35 ne. Mai wucewa a mota zai ce fili lafiya lau, kore shar. Littafi kuwa ya nuna baƙon ya ninka fiye da sau uku, kuma yanzu ne maganinsa ke da araha.

Abin da ake yi da rubutun

Da wannan rubutu ake yanke shawarar inda za a yi feshi, inda za a kai awaki, da lokacin da za a sa wuta. Fireri fili ne da ya saba da wuta. A tashar bincike ta Konza, wadda Jami'ar Jihar Kansas ke gudanarwa, an yanka fili kashi-kashi. Wani ana ƙona shi duk shekara, wani bayan shekara 2, wani 4, wani sai bayan 20. Tun farkon shekarun 1980 ake rubuta abin da ke tsirowa a wurin. Inda wuta ta daɗe ba ta bi ba, ƙananan itatuwa sun cinye ciyawa. Masu bincike a Kansas sun kuma gano cewa wutar watan Agusta ko Satumba ta fi rage irin lasfadiza a kan wadda aka saba sawa a Afrilu. Wannan dabarar ƙasarsu ce. A wurinmu wutar daji abincin dabbobi na rani take cinyewa, don haka awon za mu ara, ban da wutar.

Aikin gwaji

Mu ma muna da masu mamaya. Makiyayan kudancin Nijar sun san yadda garmani ya cika burtali da makiyaya, masunta da manoman fadamun Haɗeja da Nguru kuma sun san kachalla.

Ku haɗu mutum biyu, ɗaya ya duba, ɗaya ya rubuta. Ku ɗaure kara huɗu, kowane tsawon kamu ɗaya, su zama firam. Ku zaɓi wuri a makiyayar garinku tsakanin alamu biyu da ba sa gusawa, kamar kuka da dutse. Ku sanar da mai unguwa tukuna, kada a zaci awon fili kuke yi. Duk taku biyar ku ajiye firam, har sau goma. Ku rubuta kwanan wata a saman shafi, sannan sunan kowane tsiro da lambar ajinsa. Idan suna ya gagara, ku tambayi makiyayi, ya fi kowa sanin abin da dabba ke ci da abin da take ƙi.

Ku kawo littafin zuwa aji mako mai zuwa. A firam nawa cikin goma kuka sami tsiron da dabbobi ba sa ci? Kashi nawa ke nan cikin 100? Ku bar shafin da ke kallonsa babu rubutu, na awon baɗi ne a wannan watan.