Kafin hunturun can ya same ku: gidan haya, hita da 'yan kwangila

Da an shiga Satumba sai sababbin zuwa su fara sauka a Kanada da Ingila da Amurka, kuma yanzu a cikinsu akwai yaranmu na Ringim da Gumel da Kazaure da Bichi da Ɗambatta da ƙauyukan da ke kewaye. Wani riɗin gida aka sayar aka biya masa jirgi, wani shanu aka kora kasuwar Maigatari. Ina jin daɗin ganinku, wallahi, domin mu da muka riga ku zuwa sai mu yi wata ba mu ji Hausa a titi ba. Amma kusan kowa tambayarsa ɗaya ce: "Yaya, wace rigar sanyi zan saya?" Wannan ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin. Kada ka cika jaka da kayan 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai, ka ɗauki suwaita biyu ka taho. A can za ka samu kwat mai kauri, takalmi mai kama ƙasa, safar hannu, hular da ke rufe kunne da dogon wando na ciki, har a shagunan kayan hannu da araha. Shi ke nan maganar tufafi.

Sanyin kuwa ba iri ɗaya ba ne, don haka kada ka ɗauki shawarar wanda ke Landan ka tafi da ita Winnipeg. A Winnipeg da Saskatoon da Edmonton sanyi busasshe ne, yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili a Janairu, in iska ta haɗu da shi kunne da yatsu kan daskare cikin 'yan mintoci, mota ma sai an jona injinta da lantarki da dare kafin ta yarda ta tashi da safe. A Toronto da Montreal dusar ƙanƙara ce da santsi, kuma a lardin Quebec doka ce a sa wa mota tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Vancouver da Ingila ba su cika sauka ƙasa da sifili sosai ba, nasu ruwa ne da danshi da tsofaffin gidaje masu fumfuna a bango. Wanda kuma ya ce shi Texas za shi, ƙasar zafi, ya tambayi waɗanda suka ga Fabrairun 2021, lokacin da wuta ta ɗauke wa miliyoyin mutane kwana da kwanaki, bututun ruwa suka farfashe a gidaje, fiye da mutum 200 suka rasu.

Inda ake shan wuya shi ne gida. Kafin ka sa hannu a takardar haya ka tambaya wa ke biyan kuɗin ɗumama gidan, kai ko mai gida, kuma da gas ake ɗumamawa ko da lantarki. Ɗakin da aka ce maka yana da araha a Satumba, in hitarsa ta lantarki ce kuma kai ke biya, takardar kuɗin wutar Fabrairu za ta nuna maka inda arahar ta tafi. Ka tsaya kusa da taga ka ji ko iska na shigowa. Ka leƙa bayan kabad da kusurwar banɗaki, in ka ga baƙin tabo ko sabon fenti a wuri guda kawai, danshi aka rufe. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ɗalibai ke rububi sun fi kowane fama da wannan.

Abin da ke ba ni haushi da yaranmu shi ne kunya. Hita ta mutu, yaro ya kwana uku cikin bargo biyu da kwat, in ka tambaye shi me ya hana shi magana sai ya ce ba ya son ya takura wa mai gida, ai dattijo ne. Ƙanena, ba alfarma yake yi maka ba, kuɗinka yake karɓa duk wata, kuma doka ta ɗora masa. A Toronto dole mai gida ya riƙe ɗumin ɗaki a digiri 21 a watannin sanyi. A New York lokacin ɗumama gida daga 1 ga Oktoba ne zuwa 31 ga Mayu, in mai gida ya ƙi ka kira 311, lambar kai ƙorafi ga hukumar birnin. A Ingila dole a duba na'urorin gas na gidan haya kowace shekara a ba ka takardar shaida, kuɗin ajiyar da za a karɓa a yawancin gidaje bai wuce na hayar mako 5 ba, kuma dole a sa shi a asusun da hukuma ta amince da shi cikin kwana 30. A Ontario hayar watan ƙarshe ce ake karɓa a matsayin ajiya, ba kuɗin ɓarna ba. Kuma duk ƙorafinka ka rubuta shi, ta saƙon waya ko imel, da kwanan wata da hoton ma'aunin zafi. Kiran waya ba shaida ba ne a gaban kowace hukuma. Kada kuma ka riƙe kuɗin haya da kanka don ka hukunta shi, kana iya komawa kai ne mai laifi.

Akwai wata al'ada tamu da ke kisa a can. A gida in jaura ta sauko, a kan shigo da garwashi a kasko a sa a ɗaki, kuma ko a gidan ma an sha asarar rayuka. Gidajen can an toshe su ta ko'ina don kada ɗumi ya fita. Gawayi, ko janareta, ko buɗe murhun gas don ya ɗumama ɗaki, duk suna fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya ji ciwon kai da barci, shi ke nan. Ka tabbata akwai na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iskar, ka danna ka ji tana aiki. Haka nan mai tafiya hutun Disamba, kada ya kashe hita gaba ɗaya don tattali. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, ya fasa bututu a cikin bango, ka dawo ka tarar da silin a ƙasa da takardar biyan diyya.

Sai 'yan kwangila, kuma wannan ya fi shafar waɗanda suka zo da iyali suka kama gida guda ko suka saya. A ƙauye maginin da zai yi maka yaɓe kafin damina ka san shi ka san ubansa, in ya ci kuɗinka ya ɓuya gobe kuna gaban mai unguwa. A can mutum ne da mota da lambar waya. Ni kaina wani mai kwashe dusar ƙanƙara ya karɓi kuɗin hunturu guda a hannuna tun Oktoba, da fara'arsa da katinsa mai kyau. 'Yar dusar farko ya zo ya share. Da babbar ta sauka a Janairu wayarsa a kashe, ashe unguwa guda ya yi wa haka, sai ga ni da shebur da asuba kafin in tafi aiki, domin a birane da yawa in ba ka share gefen titin ƙofar gidanka cikin awa 24 ba tara ce, in wani ya zame ya karye kuma wata maganar ce. Irin wannan aikin a biya shi wata-wata, ko rabi a farko rabi a tsakiyar hunturu, kuma a rubuta kaurin dusar da zai sa ya fito da awa nawa zai ɗauka kafin ya iso.

Ga gyaran hita da famfo da rufi, ka nemi farashi daga mutum uku a rubuce. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, cikon sai aiki ya kammala ka gani da idonka. Wanda ya ce ka ba shi tsabar kuɗi zai rage maka haraji, ba rasit, ranar da aikin ya lalace ba ku taɓa haɗuwa ba. Ka tambayi lasisi da inshora ba tare da jin nauyi ba, sun saba. A Ingila duk mai taɓa gas dole ya kasance cikin rajistar Gas Safe, yana da kati mai hoto, kuma kana iya duba lambarsa a intanet. A Quebec lasisin RBQ, hukumar gine-gine ta lardin, ake tambaya. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce hitarka ta tsufa zai sauya maka yau-yau, ka sallame shi, Ontario ta hana irin wannan tallan na ƙofa-ƙofa tun 2018 saboda yawan waɗanda aka ɗaure da bashin shekaru. Kuma a duba hita tun Satumba ko Oktoba. Daren da sanyi ya fi tsanani kowa ke kira, masu kirki layi ne a kansu, wanda zai amsa maka nan take sau da yawa shi ne wanda ba ya da aiki saboda dalili.

Mutanenmu a can suna da kirki ƙwarai. A masallaci za a haɗa maka katifa da tukwane, a kai ka kasuwa, a tura maka motar da ta maƙale. Akwai kuma ƙwararrun masu sana'a a cikinmu da nake alfahari da su. Amma "ɗan'uwa ne, tare muke sallah" ba lasisi ba ne. In marar lasisi ya haɗa maka waya gida ya kama da wuta, kamfanin inshora na iya ƙin biya, zumuncin ma ya ɓaci. Ɗan'uwan gaskiya da kansa zai miƙo maka takarda.

Iyayenmu da ke gida, Baba da Inna da kawunnai, ga roƙona. A hunturun farko yaron nan yana biyan haya da wuta da kayan sanyi a lokaci guda, rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5, azahar da la'asar da magariba duk suna riskarsa a aji ko wurin aiki, jikinsa bai saba ba. In bai turo kuɗin taki ko na bikin ƙanwarsa ba, a yi masa haƙuri zuwa Afrilu.